Shirun Malam Dakata

"Sake kunna min," in ji Malam.

Injiniya ta maida darasin farko, ta ajiye wayar a kan matashi, kusa da kunnensa mai ji. Muryarsa ta fito, ta makonni shida da suka wuce, lokacin da take da sauran ƙarfi.

"Ga kyandir yana ci. Na kife kofin gilashi a kansa. Me zai faru da wutar? Dakata. Wutar za ta mutu, domin iskar da take ci ta ƙare."

Ya ɗaga yatsa. Ta kashe.

"Ina shirun?"

Injiniya ta gyara zaman wayar a kan matashin. Iya, matarsa, tana bakin ƙofa tana ninke wanki, ta ci gaba da abinta kamar ba ta ɗakin.

"Minti biyu na yi a wurin nan. Agogo nake kallo. Kina zaune a kujerar nan, har hamma kika yi. Ina suka shiga?"

"Manhajar ce take yankewa, Malam."

"Tun yaushe?"

"Tun darasin farko."

"Darasi ashirin da uku ke nan."

"Da huɗu."

Tari ya sarƙe shi. Ta tallabo bayansa, Iya ta miƙo kofin ruwa ba tare da ta dube su ba.

Injiniya maƙwabciyarsa ce. Ƙofarta na kallon tasa a gidan hayar, famfo ɗaya suke tara bokiti. Ba ta karanci injiniyanci ba, kwamfutocin makarantar unguwa take kula da su, shi ne ya laƙaba mata sunan ranar da ta gyara masa fitila, sunan kuwa ya bi ta. A makarantar ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da kimiyya. Da damina ta tsaga bangon ginin tun daga tushe, aka sallami yara gida, aka ce karatu ya koma ta waya har a ga abin da hali ya yi. Aikinta ya zama ɗaukar muryar malamai tana ɗorawa a wata manhaja, yara su saurara, su amsa tambayoyin gwaji. A cikin watan ne huhun Malam ya kwantar da shi. Ya ce in dai baki ake buƙata, bakinsa na nan. Kullum da hantsi takan tsallako da waya, ya yi darasi daga gado.

Yara sun daɗe da manta sunansa na yanka. Malam Dakata suke ce masa, har iyayensu, domin yawancin iyayen ma ta hannunsa suka bi. A aji yakan jefa tambaya, ya ce "dakata," ya naɗe hannu ya juya yana kallon taga. Minti biyu cur, da agogo. Ba ɗaga hannu, ba raɗa. Masu saurin baki su yi ta mutsu-mutsu kamar an zuba musu ƙaiƙayi. Can sai ka ji wata da ba ta taɓa magana ba tun farkon zango ta faɗi wani abu, sau da yawa ba daidai ba, shi kuwa ya rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, a yini ana gwada shi da kwalba da zare da murfin gwangwani. Abin da ya iya ke nan. Littafin kowa na da shi.

Manhajar kuma an gina ta ne ta share duk shirun da ya wuce daƙiƙa biyu. Injiniya ta gani tun ranar farko. Ta ga tsohon yana zaune a gado, ya naɗe hannu yana kallon taga saboda yaran da ba sa nan, ta kasa faɗa masa.

"Wa ya gaya maka?" ta tambaya da tarin ya lafa.

"Hedimasta ya aiko min da barka. Wai ajina kowa ya cinye gwaji duka. Yara ɗari da goma sha takwas." Ya ja numfashi. "Shekara talatin da huɗu ban taɓa ganin haka ba. In kowa ya ci, to ko an yi sata, ko an yi ɓarna. Me ya hana ki faɗa min?"

"Ba ka da lafiya."

"Huhu ne ya lalace. Kunne ɗaya na nan."

"Ka yi haƙuri."

"Haƙurin na yara ne. Tauna musu nake ina ɗura musu, ban sani ba." Ya rufe ido. "Ki dawo min da shiruna, Injiniya. Ban roƙe ki komai ba sai wannan."

Washegari ta sami Hedimasta a ɗakin ajiya, wanda shi kaɗai ya rage ba tsaga, an tura karyayyun bencina gefe an sa masa tebur. A bayansa an rataye ƙyalle mai rubutu: Makon Ƙirƙira da Sabbin Dabarun Koyarwa. Igiyar gefe ɗaya ta saki, kalmar ƙarshe ta naɗe.

Ya saurare ta har ta gama, yana murza ido.

"Malama, manhajar nan ba tamu ba ce. Ba mu ita aka yi, ban taɓa ganin fuskar masu ita ba. Sau uku ina rubuta musu a kan wata matsalar, na'ura ke ba ni amsa, tana gode min."

"Ko a raba darasin biyu. Tambaya yau, amsa gobe."

"Ba ta karɓa, kin fi ni sani. Tambaya, amsa, gwaji, a dunƙule. Kuma ki duba, rabin yaran nan wayar uwarsu suke ara. Minti goma ake ba su a fizge. A cikin goman zan ce su saurari shiru?"

"Shi ke nan abin da yake koyarwa, ranka ya daɗe."

"Ni za ki gaya wa? A bencin baya na zauna a ajinsa. Na tsani minti biyun nan kamar me. Cikina har ƙugi yake yi, kowa na ji." Ya yi ɗan murmushi, ya kawar. "Ki gaishe shi. Ki ce sunansa na cikin waɗanda za a ba takardar yabo ranar rufe mako."

Da ta isar da saƙon, Malam ya ce, "Yaron nan har yanzu saurin amsa yake."

Suka shiga neman dabara. Tunda shiru manhajar ke ci, sai a ba ta abin da ba shiru ba. Injiniya ta kara wayar da agogon bango, aka ɗauki minti biyu na ƙas-ƙas. Ta ɗora. Manhajar ta rubuto cewa ta tsabtace hayaniya, ta yanke. Suka gwada ɗigar famfo a bokiti. Ta yanke. Aka sa Iya ta zauna a bakin ƙofa da kwanuka.

"Shekara arba'in ina wanke-wanke ba wanda ya ce sannu," in ji Iya. "Yau ga ni an sa ni a rediyo. In ƙara ƙarfi?"

"Yadda kika saba," in ji Malam. "Kamar kina fushi da ni."

"Ai ba sai na yi kamar ba."

Ita ma aka yanke ta. Iya ta ce ko na'ura ta san aikin mace ba a lissafa shi.

Muryar mutum kaɗai ke tsira, ita ma sai in kalmomi ne. Injiniya ta ce to ya ƙirga, daga ɗaya zuwa ɗari da ashirin, a hankali.

"In na ƙirga, tare za su ƙirga. Ba wa yaro abin maimaitawa ki ga aku."

"To ka ce musu su tsayar da wayar da kansu."

Ya dube ta ta gefen ido. "Ki miƙa wa mai ƙishirwa kofi, ki ce ya riƙe minti biyu kada ya sha."

Duk da haka suka gwada. A darasi na ashirin da biyar ya ce, "Ku danna ku tsayar, ku yi tunani, sannan ku ci gaba." Manhajar tana nuna wa Injiniya inda kowane yaro ya tsaya. Bayan kwana biyu ta duba. Uku ne suka tsayar. Ɗaya daga ciki bai sake kunnawa ba, da alama an karɓe wayar.

"Nawa?" ya tambaya.

Ta yi niyyar ƙarawa, ta tuna inda ɓoye masa gaskiya ya kai ta a baya. "Uku."

"Uku," ya maimaita, ya juya fuska bango.

A makon aka kai shi asibiti, ya kwana huɗu, likita ya ce su koma gida. Ba wanda ya tambayi dalili. Suka dawo da injin iska mai ƙugi a gefen gado da siririyar roba a hancinsa. Iya ta cire labulen taga domin ya ce yana tsare masa numfashi. Jikinsa ya zube, agogon hannunsa ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Amma da hantsi, in Injiniya ta yi jinkiri, sai ta ji Iya daga tsakar gida: "'Yar nan, mutuminki na cigiya."

Yanzu jimla ɗaya sai ya huta sau uku kafin ya kai ƙarshenta. Darasin minti shida yakan ci musu kusan awa. Idan ta ɗora, manhajar ta bi ta tsince duk hakin da tarin da tsayawar, ta haɗe kalmomin. Abin da ke isa wayoyin yara murya ce mai santsi, ba gargada, ta fi ta lokacin da yake tsaye a gaban allo. Wata uwa ta tare Injiniya a hanya ta ce, "Ashe Malam ya warware, mun ji shi garau." Injiniya ta ce da sauƙi.

Ranar wata Talata ta same shi an jingina shi da matasai uku, an sa masa hula.

"Cire min robar nan."

"Malam."

"Minti biyar. Ƙugin injin zai shiga."

"Ai manhajar za ta share."

"To don ni. Ina so in ji kaina."

Ta dubi Iya. Iya ta ɗaga kafaɗa, ta zo da kanta ta zare robar, ta kashe injin. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin wani yana sharar baranda a gidan gaba. Injiniya ta danna.

"Yau ba kwalba, ba zare," ya ce. "Kowa na da kayan aikinsa a jikinsa. Ɗaga tafin hannunka kusa da bakinka. Buɗe baki sosai, ka huro, haa." Ya gwada. Abin da ya fito bai kai ya motsa gashin kaza ba. "Da ɗumi. Yanzu tsuke bakin, ka huro, fuu. Da sanyi. Baki ɗaya. Iska ɗaya, daga ciki ɗaya. Me ya sa? Dakata."

Ya naɗe hannu a ƙirji, ya juya ga taga.

Ta bi agogon bango da ido. Minti ɗaya. Biyu. Ta jira ya juyo, bai juyo ba. Uku. Ƙirjinsa na hawa da sauka kamar mai hawan tudu da kaya. Ba ta iya rabe ko shirun darasi ne ko numfashi ne ya ƙi zuwa. A na huɗu Iya ta taso da robar a hannu.

"Kashe," ya ce.

Ta kashe. Iya ta maida masa robar, ta kunna injin, tana faɗa ƙasa-ƙasa a kan taurin kan tsofaffi.

"Amsar fa?" in ji Injiniya.

"Babu."

"Gobe?"

"Babu, na ce. Na gano inda muka yi kuskure. Muna ta neman yadda za mu sa shiru a tsakiya." Ya huta. "A ƙarshe za a sa shi. In ba abin da ya biyo baya, me za ta yanke?"

"Ba ta karɓar darasi sai da amsa."

"Ke ce Injiniya. Nemo hanya. Su kwana da ita. Su yi musu a layin famfo. Su dami iyayensu." Ya kamo bakin mayafinta da yatsu biyu. "Kada ki sa musu amsa. Ko an matsa miki."

"To."

"To ɗin me?"

"Ba zan sa ba, Malam."

Ya saki mayafin. "Ke kin san amsar?"

"Ban sani ba."

"Madalla," ya ce, kuma wannan ne karon farko da ta ga ya ji daɗi tun ranar kyandir.

Ta gwada a ranar. Jan rubutu ya fito: darasi bai cika ba. Ta bar gurbin amsa da daƙiƙa ɗaya ta shiru, aka ƙi. Ta rubuta "ku nemo da kanku" a gurbin gwaji, aka ce ta zaɓi amsar da ke daidai. Laraba da Alhamis ba a yi darasi ba, ba ya iya haɗa kalma uku. In ta leƙo sai ya ɗaga gira, ita kuma ta ce tana kai.

Ranar Asabar da hantsi tana tsugune a bakin famfo tana ɗauraye kofuna, Iya ta leƙo.

"'Yar nan, zo ki duba min injin nan. Kamar ya tsaya, ba na jin ƙarar da yake yi."

Ta goge hannu a zani ta shiga. Koren hasken injin na nan. Ƙuginsa na nan. Ta sa yatsa a bakin robar, iska na fita. Ta daɗe a durƙushe tana duba wayoyin da ba abin da ya same su, domin ta riga ta gane wace ƙara ce Iya ta daina ji.

"Injin lafiya yake, Iya."

Iya ta dubi gadon. Ta zauna a bakinsa a hankali, ta gyara masa hular da ta karkace.

"To kashe shi," ta ce. "Kada ya yi ta yi a banza."

Kafin la'asar an kai shi. Mutane sun cika layin har bakin titi, manya da furfura suna ce wa juna, "Kai ma ya koyar da kai?" Hedimasta ya zo da takardar yabon a cikin ambulan, ya rasa wanda zai ba, ya miƙa wa Iya. Ta karɓa da hannu biyu, ta tura ƙarƙashin tabarma.

Bayan kwana tara Hedimasta ya kira Injiniya ɗakin ajiya. An sauke ƙyallen, an ninke shi a kan wani benci.

"Malama, ajin kimiyya ya maƙale. Darasi ɗaya na nuna bai cika ba."

"Haka ya bar shi."

"Na sani. Amma muddin yana haka, manhajar ba za ta fitar da sakamakon zango ba. Ɗari da goma sha takwas. Ba sakamako, ba wucewa aji na gaba. Jibi ake rufewa."

"A goge darasin gaba ɗaya."

"Na gwada da kaina. Wanda aka buɗe ba ya goguwa." Ya tura mata kwamfutar. "Gwada ki gani."

Ta gwada. Ta san ba zai yi ba, ta gwada duk da haka.

"Na yi masa alkawari, ranka ya daɗe."

"Allah ya jiƙansa. Shi ya gama nasa zangon." Ya juya biro a hannu. "In kin ƙi, ba zan tilasta miki ba. Sai dai ke za ki tsaya a bakin ƙofar nan ki yi wa iyaye bayani, don ni bakina ya ƙare."

Ta koma gida. Ƙofar Malam a buɗe, an jingina katifar a bango tana shan iska, dangin Iya na ɗaure kaya a buhuna, za su tafi da ita. Injiniya ta shiga ɗakinta ta rufe. Ta rubuta tambayar a waya. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsar ta fito: in ka tsuke baki iskar na fita da sauri, tana janyo iskar ɗaki mai sanyi ta haɗa da ita, in ka buɗe kuwa ta cikinka ce kawai ke isa hannu. Ta karanta sau biyu. Ta danna ɗauka, ta faɗe shi da muryarta, jimla uku. Ta haɗa da tasa, ta rubuta tambayoyin gwaji, ta ɗora. Darasin da suka ɗauka a minti shida da rabi ya koma minti ɗaya da daƙiƙa goma. Koren rubutu ya fito yana taya ta murna.

Kashegari da yamma ta tsaya a kantin bakin layi sayen sabulu. Mai kantin na can ciki tana awo. 'Yarta, mai kamar shekara goma sha uku, na zaune a kan buhu a bayan teburin kantin, littafi a cinya, ta jingina wayar uwar da gwangwanin madara. Muryar Malam na fita, garau, ba haki.

"Baki ɗaya. Iska ɗaya, daga ciki ɗaya. Me ya sa?"

Yarinyar ta ajiye biro. Ta ɗago tafin hannunta, ta fara tsuke baki.

"Dakata," in ji muryar Malam. "Dalili shi ne," in ji muryar Injiniya nan take, "in ka tsuke baki iskar na fita da sauri."

"Ke, yi maza, ina jiran kira," in ji uwar daga ciki.

Hannun ya tsaya a rabin hanya. Sannan ya sauka, ya lalubi biron a kan buhu.